Lambar da Na Faɗa a Waya

Tungan Maje,
Litinin, 11 ga Agusta.

Zuwa ga Madam Asta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da 'yan matanki. Ya jikin Baba Hammawa? Mun yi masa addu'a jiya a coci, Allah ya tashe shi.

Ni ce Patricia matar Meshach, Maman Justice. Na kira wayarki sau goma sha ɗaya tun ran Juma'a, ba ya shiga. Na zo gidanki a Wuse sau biyu, maigadi ya ce ba kya ganin kowa. Shi ya sa na rubuta wannan, zan bari a hannunsa.

Madam, yau kwana shida Meshach yana ofishin 'yan sanda. Sun ce saƙon da kamfaninku ya tura wa Fulanin Abaji a waya ya faɗi maganin kaska ba daidai ba, shanu hamsin da takwas sun mutu, baffanki kuma yana asibiti. Oga Simon na kamfaninku ya kawo takarda mai sa hannunki, ya ce abin da kika amince daban, abin da Meshach ya saki daban. Shi ke nan suka rufe shi.

Ni ban san kwamfuta ba, zip da maɓalli nake sayarwa a kasuwar Wuse. Amma na san mijina. Shekara tara yana aiki a ƙarƙashinki, ko gishiri na aike shi sai ya kira ya tambaya wane iri. Kullum na kai masa abinci magana ɗaya yake yi: abin da Madam ta faɗa mini a waya shi na yi. Wajen da suka ajiye shi mutum goma sha huɗu ne, bokiti ɗaya. Ƙafarsa ya fara kumbura.

Abeg Madam, ki je ki gan shi, ko minti biyar. In za ki ba ni amsa, ki ba Ɗanlami direban bas ɗin Zuba, yana lodi a bakin kasuwa, ya san shagona.

Allah ya kiyaye ki.
Taki,
Patricia.

*

Wuse, Abuja,
Laraba, 13 ga Agusta.

Maman Justice,

Bayan gaisuwa. Na gode da addu'a. Baffa yana nan, da roba a hanci, bai san wanda ke kansa ba.

Kin ce ba ki san kwamfuta ba. To, bari in sanar da ke, don ki daina ɓata kuɗin mota zuwa ƙofata.

Aikinmu ba shi da wuya. Manhaja ce ke kiran makiyaya a waya, ta yi musu magana da Fulatanci: ga lokacin rigakafi, ga yadda ake haɗa magani. Tsohon maganin kaska murfi huɗu ake zubawa a jarkar ruwa. Wanda aka raba bana ya ninka shi ƙarfi sau huɗu, murfi ɗaya ake so. Ni da kaina na gyara wannan a cikin manhajar, ina zaune a gindin ɗorawa a rugar Baffa, laftof a cinyata, bayan na yi mako guda a can babu sabis. Duk gyaran da aka yi wa manhajar yana da lamba. Nawa ya zama na 643. Ran Laraba na hau babur har gidan mai na bakin titin Lokoja, na samu sabis, na tura gyaran zuwa babbar kwamfutar ofis, na kira mijinki na ce ya saki 643. Lamba uku ce, Maman Justice. Justice ɗinku da ke aji biyu zai riƙe ta.

Abin da ya fita ya ce murfi huɗu.

Kin ba ni labarin bokiti ɗaya. Ni kuma bari in ba ki labarin abin da na gani ran Asabar. Saniya tana tsaye tana rawar jiki, yawu na zuba kamar an buɗe famfo, sai ta durƙusa, ta yi ta shure-shure har ta haƙa rami da ƙafafunta. Ashirin da uku suka mutu daga cikin shanu talatin na Baffa kaɗai. Ba a yanka ko ɗaya ba, don naman ma guba ne. Sai da aka ɗauko motar haƙa ƙasa. Baffa, tsoho mai shekara saba'in da ya fesa maganin da hannunsa, babu safa, babu takunkumi, ya tsaya yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya har shi ma ya faɗi.

Kin san wa ya sa shi rajista? Ni. Shekara uku ina bin rugage ina lallashi. Baffa ya ce mini shi bai ga dalilin da zai saurari abin da bai taɓa tatsar saniya ba. Na ce masa ba waya ce ke magana ba, Asta ce, 'yar ƙaninka da ka sayar da bijimi ka kai jami'a. Saboda ni ya ba da lambarsa, saboda shi sauran suka bayar.

Mutumin da ke kira ya tambayi irin gishiri bai iya buɗe fayil ɗaya ya ƙirga murfi ba kafin ya tura wa mutum dubu biyu. Na riga na faɗa wa 'yan sanda abin da na amince da shi yana kan takarda. Ba zan je in gan shi ba. In ƙafarsa ta kumbura ki kai masa ruwan ɗumi.

Ki gaida yara, su babu ruwansu.

Wassalam,
Asta Bakari.

*

Asabar, 16 ga Agusta.

Ranki ya daɗe Madam,

Ina gaisuwa. Allah ya ba Baba lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwa nake yi, takardar ma daga littafin Justice aka yago.

Patricia ta karanta mini wasiƙarki ta tsakanin ƙarfe. Ban ji haushi ba. Na ma ji sanyi, don kin rubuta da hannunki cewa 643 kika ce. Madam, 643 na saki.

Ke kika koya mini wannan a makona na farko. Kin ce kowane gyara suna biyu gare shi. Akwai doguwar shaida, haruffa da lambobi a cakuɗe, wadda ba ta canzawa a kowace kwamfuta. Akwai kuma gajerar lamba, wadda kowace kwamfuta ke ƙirga wa kanta bisa jerin yadda gyare-gyare suka iso mata. Kin ce gajerar ta cikin gida ce, ba a fita da ita.

Lokacin da kika tafi Abaji dukanmu muna kan 640. Ran Litinin, kina can, Fatihu abokin aikinmu ya tura gyara uku. Na jawo su, suka zauna a 641, 642 da 643 a wurina. Na ƙarshen ya rubuta masa bayani "saƙon kaska", don lokacin kiran kawai ya canza, bai taɓa yawan magani ba, yana nan murfi huɗu. Ke ba ki da sabis, ba ki jawo nasa ba. In kin yi gyara uku a can, laftof ɗinki zai ba su waɗannan lambobin. Da suka iso wurina ran Laraba sai su hau 644 zuwa 646. Ina ganin abin da ya faru ke nan. Kwana goma sha ɗaya ba ni da aikin yi sai wannan tunanin.

Kin tuna kiran? Na ce, Madam ki karanto mini doguwar. Kika ce layi na yankewa, kuma ke ba za ki tsaya a gidan mai kina jero haruffa kamar mai koyar da aji ɗaya ba, in saki 643 kafin azahar don gobe za a fara feshi. Na duba, na ga 643, na ga "saƙon kaska", na saki.

Laifina na sani. Ban buɗe na duba murfin ba. Ban sake kiranki ba don ina tsoron faɗanki. Wannan zan ɗauka har gaban Allah. Amma ban saki abin da ba a ce mini ba.

Na yi wa Sufeto bayani. Ya ce abu ɗaya lamba biyu, ina tsammanin shi jahili ne? Kwamfutata tana cikin buhu a bayan teburinsa tare da wayoyin ɓarayi. Babu wanda zai buɗe ta.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki buɗe laftof ɗinki, ki duba 643, ki gwama doguwarta da ta 643 na ofis. In ɗaya ne, kada ki sake kula ni.

Naki mai biyayya,
Meshach Gyang.

*

Wuse, Abuja,
Alhamis, 21 ga Agusta.

Maman Justice, da Meshach in an kai masa,

Bayan gaisuwa. Baffa Hammawa ya rasu ran Lahadi bayan la'asar. Mun kai shi Abaji. Allah ya jiƙansa.

Wasiƙar Meshach ta same ni ran Asabar, na karanta layi huɗu na jefa ta cikin kwandon albasa. Sai jiya da safe, da na dawo daga sadakar uku, na ciro ta na ƙarasa. Na buɗe laftof ɗin. A wurina 643 nawa ne, murfi ɗaya, daidai. Na leƙa na ofis. A can 643 na Fatihu ne. Nawa yana 646, yana zaune lafiya lau, babu wanda ya taɓa shi.

Na zauna ina kallon layi biyun nan har shayina ya yi sanyi, ƙuda ya faɗa ciki.

Ba rashin sani ba ne, shi ne abin da ke ci na. Littafin wannan tsarin na karanta shi daga bango zuwa bango tun Meshach yana bautar ƙasa. Gargaɗin yana cikin babin farko. Ni na buga doka da manyan baƙaƙe na manna a bangon ofis cewa ba a sakin komai da gajerar lamba. Na taɓa sa wata ma'aikaciya kuka a kan wannan. Sannan ni, mai dokar, na tsaya kusa da famfon fetur, rana na duka na, ɗan acaɓa na danna mini ham, na ga haruffa goma sha biyu sun yi mini yawa.

Takardar da Simon ke yawo da ita kuma, washegari na cike ta da na dawo ofis. Na kwafe doguwar shaidar daga laftof ɗina, harafi bayan harafi, na sa hannu. Babu kuskure ko ɗaya a cikinta, kuma ita ce ke riƙe da mijinki a kulle. Da 'yan sanda suka tambaye ni na nuna musu ita, ban ambaci waya ba, don a raina abu ɗaya ne.

Ku ji sauran. Simon ya zo mini ta'aziyya jiya da yamma, da katan ɗin ruwa da fuskar jana'iza. Ya zauna a kujerata yana ce mini Hajiya sai haƙuri. Da zai tashi ya ce, af, ran Litinin kowa zai kawo laftof ɗinsa ofis, za a goge su a sake zuba komai sabo daga babbar kwamfuta, saboda tsaro. Meshach ya san ma'anar wannan. Sabon kwafi sabuwar ƙirga yake yi. Nawa zai koma 646 kamar na kowa, 643 ɗin da na gani da idona a rugar Baffa ba zai ƙara kasancewa a ko'ina a duniya ba. Simon bai iya rubuta layi ɗaya na manhaja ba, amma wani ya yi masa bayani, kuma ya gane sarai. Ma'aikaci ɗaya da ya saɓa umarni, kamfani zai rayu. Shugabar sashe da ta karya dokar da ta kafa, wannan laifin kamfani ne. Na ce masa ya ɗauki ruwansa, ba mu rasa rijiya ba. Ya yi murmushi ya bar shi.

Meshach, kada ka ɗauka ka fita. Da ka buɗe fayil ɗin, daƙiƙa talatin, da Baffa yana raye. Shekara tara ina faɗa maka kada ka yarda da bakin kowa, har nawa. Ka ce tsorona kake ji. To, ga abin da tsoron ya saya mana.

Ban ce zan zo ba. Ina so ku san haka, don ba na son a yi mini zaton alherin da ban yi ba. Ran jana'iza Goggo Habiba, matar Baffa, ta riƙe hannuna biyu a gaban mata ta ce, ke kin yi iyakar ƙoƙarinki Asta, wancan mutumin ne ya cuce mu. Ita ta yaye ni da uwata ta rasu. Mijina ya mutu shekara shida, waɗannan mutanen su ne kaɗai nawa. 'Ya'yana biyu suna makaranta, shekarata arba'in da tara, wa zai ɗauki matar da ta kashe shanu hamsin da takwas da baffanta da lamba uku?

Abu ɗaya zan faɗa miki don yaranki. 'Ya'yan Baffa suna tambayar inda gidan Meshach yake. Ban faɗa musu ba. Amma Tungan Maje ba nisa gare ta ba.

Laftof ɗin yana kan teburina. Ban kashe shi ba tun jiya.

Wassalam,
Asta.

*

Zuba,
Asabar, 23 ga Agusta.

Madam Asta,

Ina gaishe ki. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku dangana. Wannan daga zuciyata ne.

Sauran kuma ki ji. Na karanta wasiƙarki sau uku. Rubutunki akwai kyau. Kin iya faɗin laifinki da Hausa mai daɗi, har na kusa in tausaya miki.

Na ɗauki wasiƙunki biyu na kai wa Sufeto jiya. Ko zama bai ce in yi ba. Ya ce shi takarda mai hatimin kamfani ya sani, wannan kowa zai iya rubutawa a bayan shago, in Madam tana da magana ta zo da ƙafarta da kwamfutarta. Ya ce tunda tsohon ya mutu maganar ta canza, yanzu batun rai ne. Ran Talata za su kai Meshach kotu, daga can sai gidan yari. Lauya ya ce irin wannan mutum yana iya yin shekara biyu kafin a ma fara sauraro.

Ran Alhamis maza biyu a babur sun tsaya a layinmu suna tambayar gidan mai kwamfuta. Maƙwabciyata ta ce musu mun tashi. Na kwashe yara mun dawo wurin yayata a Zuba, mu bakwai a ɗaki ɗaya. Shago a rufe.

Kin ce Goggonki ta yaye ki. Meshach ma wata ce ta haife shi, tana Barikin Ladi, ban faɗa mata ba har yau don tana da hawan jini. Kin ce wa zai ɗauke ki aiki. Mu ba aiki muke magana ba, Madam.

Na kai wa Meshach wasiƙarki. Kin san abin da ya ce? Ya ce in bar ki, kina cikin makoki. Har yanzu yana kare ki. Na ce masa shi wawa ne, a gaban 'yan sanda na faɗa, sannan na fito waje na yi kuka.

Ba na roƙonki kuma. Na roƙa sau ɗaya kin ce in dafa ruwan ɗumi. Kin san inda ofishin 'yan sanda yake, kin san inda ofishin Oga Simon yake. Duk mota ɗaya ke zuwa.

Allah yana ganinmu duka.
Patricia.

*

Litinin, 25 ga Agusta.

Maman Justice,

Bayan gaisuwa. A kan bencin bayan kanta a ofishin 'yan sanda nake rubuta wannan, babbar 'yata za ta kai wa Ɗanlami.

Jiya na je Abaji. Na tara Goggo da 'ya'yan Baffa na faɗa musu da bakina, da Fulatanci, don kada wani ya ce bai gane ba. Babu wanda zai sake zuwa layinku.

Yau da safe na zo nan da lauya da laftof ɗin. Na sa Sufeto ya ciro na Meshach daga buhu, na jera su a teburinsa, na nuna masa 643 a nan da 643 a can. Awa uku muka yi. Simon ya kira sau tara. A ƙarshe Sufeto ya ce ya gane, yanzu masu laifi biyu gare shi. Sun karɓi bayanina, sun karɓi ɗankunnena da wayata.

Ba a sake shi ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Gobe tare za a kai mu. Lauya ya ce da bayanina a gaban alƙali zai nemi belinsa kuma yana sa ran samu. Nawa bai ce komai ba. Ki zo da wuri, da mutum biyu masu katin shaida da za su tsaya masa, da riga mai tsabta. Na hango shi ta taga, wadda ke jikinsa ba ta shiga kotu ba ce.

Kada ki rubuto mini godiya.

Goggo ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta raka ni har bakin hanya, ta gyara mini mayafi, ta ce kada in zo sadakar arba'in.

Wassalam,
Asta.